Garu, Kushewa da Tangaraho: Wuraren Tunawa na Damagaram da Tarihin Ɗaukarsu Hoto

Mutumin da ya taso daga kudancin jaha, daga Dogo-Dogo ko Dungas ko Magarya, in zai tafi babban birni cewa yake yi za shi Damagaram. A takardun hukuma kuwa, da taswira, da ƙarƙashin kowane tsohon hoto, sunan da ake gani shi ne Zinder. Wannan saɓani tsakanin bakin mutane da alƙalamin hukuma ya wuce sunan garin, ya bi kusan kowane gini da baƙo ke tsayawa gabansa ya ɗauka hoto. Abin da wannan rubutu ke bi shi ne tarihin waɗannan wurare da na hotunansu tun daga shekara ta 1899, tare da lura da abu guda: hoto ba ya tafiya shi kaɗai, kullum da suna a ƙarƙashinsa, kuma wanda ya rubuta sunan shi ke yanke abin da za a tuna.

Maganar kalmomi

Kalmar Faransanci "monument" ta fito daga wani aikatau na Latin mai ma'anar tunatarwa, wato abin da aka gina takanas don kada a manta. Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da ita, sai dai kalmomi da yawa, kowace da gurbinta. Akwai kufai, wurin da aka zauna aka tashi. Akwai kushewa, da kabari wanda aka aro daga Larabci, da hubbare wanda ya shigo ta hanyar Fillanci, kamar Hubbaren Shehu a Sakkwato. Akwai garu da ganuwa. Akwai kuma gunki da mutum-mutumi, waɗanda addini ya sa ba a maraba da su. Maganganu irin su "wuraren tarihi" da "kayan tarihi" sababbi ne, rediyo da makaranta suka yaɗa su.

Ba rashin son tarihi ya kawo wannan ba. A ƙasar Hausa abin da ke riƙe sunan sarki shi ne kirari, da waƙar makaɗan fada, da jerin sarakuna da maroƙa ke jerowa ranar salla, da sunayen unguwanni da ƙofofi da rijiyoyi. Gini kuwa don aiki ake yinsa: garu don tsaro, masallaci don salla, zaure don karɓar baƙi. Kabarin Musulmi ma ba a ɗaukaka shi, ƴar ƙasa ce a tara, a kafa itace ko katangar tukunya, bayan ƴan damuna ya baje. Saboda haka ana iya cewa gini yakan fara zama "wurin tarihi" ne ranar da aikinsa ya ragu, wani kuma ya zo daga waje ya tsaya yana kallonsa. A Damagaram an san lokacin da hakan ya faru, kusan har da watansa.

Birni kafin zuwan na'urar hoto

A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaimanu ya mai da gadon sarautar Damagaram zuwa Zinder, wadda a lokacin ƙaramin gari ce a tsakanin manyan duwatsu. Sunan daula ya bi sarauta ya zauna wa garin, shi ya sa har yau Bahaushe ke kiransa Damagaram. Wanda ya ɗaukaka birnin shi ne Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda doguwar sarautarsa ta kama daga 1851 zuwa 1884. A zamaninsa aka ƙarfafa garu, aka ƙera igwa a cikin gari, aka tara bindigogi. Masana tarihi sukan ambaci bindiga wajen 6000 da igwa wajen 40. A zamaninsa kuma ikon Damagaram ya rufe ƙasashen Sosebaki, wato su Mirya da Dungas da Waca, ya taɓa Gumel. Ƙasar da Dogo-Dogo take a yau, ke nan, ta daɗe tana kallon wannan birni a matsayin inda hukunci ke fitowa, tun kafin a san wani abu wai shi gunduma. Fadar sarki da babban masallacin unguwar Birni duk ginin tsakiyar wannan ƙarni ne.

Turawan farko da suka ga garin da alƙalami suka zo. James Richardson ya sauka a farkon 1851, ya rasu a watan Maris na shekarar a kan hanyarsa ta zuwa Kukawa. Heinrich Barth ya iso ranar 25 ga Disamba 1852, ya yi wata guda yana jiran kaya daga arewa. Dukansu sun rubuta labarin duwatsu da kasuwa da fataken Azbin da ke sauka a Zango, bayan gari. An riga an ƙirƙiro ɗaukar hoto a Turai tun 1839, amma kayan aikin na lokacin sun yi wa raƙumi da zafin Sahara yawa. Don haka Damagaram ta Tanimu, lokacin da take kan ganiyarta, ba ta da hoto ko ɗaya. Duk hoton garu da ake gani a littattafai an ɗauke shi ne bayan garun ya kasa tsare garin.

1898 da 1899

A watan Afrilu na 1898 Kaftin Cazemajou, sojan Faransa ɗan Marseille, ya iso Damagaram da ƴan tsirarun dakaru. Nufinsa ya wuce gabas ya sadu da Rabe, wanda ya riga ya ci Barno. Sarki Amadu Kuran Daga, wanda ke tsoron Rabe kamar yadda kowane sarki na yankin ke tsoronsa, ya ga cewa haɗuwar Nasara da Rabe ba za ta haifa masa alheri ba. Ranar 5 ga Mayu aka kashe Cazemajou da tafintansa Olive, aka jefa gawarwakinsu rijiya. Bayan wata goma sha huɗu, a ƙarshen Yuli na 1899, ragowar rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta bar kufai da gawa tun daga bakin Kwara, ta karya dakarun Damagaram a Tirmini ƙarƙashin Pallier da Joalland, ta shiga Birni. Sarki Amadu ya fita, aka bi shi aka kashe a watan Satumba, aka naɗa Amadu Ɗan Basa a gurbinsa.

Abu na farko da masu nasara suka yi bayan sun zauna shi ne raɗa suna. An ciro ƙasusuwan mutanen biyu aka yi musu kushewa irin ta Turawa, mai gini da rubutu, aka kuma kira barikin da suka kafa a bayan garu, tsakanin Birni da Zango, Fort Cazemajou. Wannan shi ne "monument" na farko a Damagaram bisa ainihin ma'anar kalmar, wato abin da aka yi don tunawa kurum. Mutumin da bai cika wata guda a garin ba ya sami bariki da kushewa, ya kuma sami titi mai sunansa a Marseille. Sarkin da ya mutu yana kare ƙasarsa bai sami dutse ko ɗaya daga hannunsu ba. Abin da ya riƙe shi kirarinsa ne, Kuran Daga, kurar da ke fagen daga, wanda ya danne sunansa na yanka har ya zama da shi aka fi saninsa. Sai bayan mulkin kai kirarin ya hau allo, da aka sa wa babbar makarantar sakandare ta garin suna Amadou Kouran Daga.

Wannan ɗabi'a ta raɗa wa wuri sunan soja ba a Damagaram kaɗai aka yi ta ba. Kwamandan Lamy, wanda ya iso garin ranar 2 ga Nuwamba 1899 tare da Fernand Foureau bayan sun ƙetare Sahara daga Aljeriya, ya mutu a Kusiri ranar 22 ga Afrilu 1900, rana ɗaya da Rabe. Lamy ya sami gari sukutum, Fort-Lamy, wanda sai a 1973 aka mai da shi Njamena. Rabe kuwa hoton kansa a tsire shi ne ya zaga Turai. Wanda ya dubi hotunan wannan zamani ya kamata ya riƙa tuna cewa na'urar hoto a jakar soja ta shigo, tare da bindiga.

Foureau shi ne ya fara ba duniya siffar Damagaram a hoto. Littafinsa na 1902, "D'Alger au Congo par le Tchad", cike yake da hotunan da ya ɗauka da hannunsa. Bayanin da shi da abokan tafiyarsa suka bari ya nuna garu mai tsayin wajen mita 10, mai kauri ƙwarai daga gindi, da ƙofofi bakwai. Bayansa sai Henri Gaden, wanda ya riƙe Damagaram a farkon shekarun 1900, ya rubuta bayani a kan garin, ya kuma ɗauki hotunansa da na mutanensa. Gaden mutum ne mai kunnen harshe. Daga baya ya yi suna da aikinsa a kan Fillanci, ya kuma zama gwamnan Muritaniya. Sannan katunan gidan waya suka biyo baya, waɗanda sojoji da ma'aikata ke aika wa iyalansu a Faransa.

A nan ne mai nazarin harshe ke samun abin dubawa, domin rubutun da ke ƙarƙashin hotunan ya fi hotunan bayyana tunanin masu ɗaukarsu. Zango ya zama "Zengou", kuma wannan kuskuren kunne ya zauna har ya shiga takardun hukuma. Sarki ya zama "serki". Ginin ƙasa mai tsaro kuwa, ko garu ne ko katangar fada, sau da yawa "tata" suke kiransa, kalmar da ba ta Hausa ba ce ba ta Barebari ba. Daga ƙasar Bambara Faransawa suka ɗauko ta tare da dakarunsu, suka riƙa liƙa wa duk ginin da ya yi musu kama da wanda suka fasa a can. Mutane kuma ba su da suna. Bature ko ƙarami ne akan rubuta sunansa da muƙaminsa, amma maginin da ya ɗaga soro, da macen da ke ɗiban ruwa a gindin dutse, da dogarin da ke ƙofar fada, duk "irin mutanen ƙasar" ne kawai. Ƙofa takan fito a hoto a ce "wata ƙofa ta Zinder", alhali ba yaron da ke garin a lokacin da bai san sunanta ba, da inda hanyarta ta nufa, da wanda ke tsaronta. Hoton ya adana tsayin ƙofar da faɗinta, sunan kuwa an bar shi a bakin tsofaffi.

A 1906 Faransawa suka tuhumi Sarki Amadu Ɗan Basa da ƙulla tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kodibuwa. Cikin waɗanda tuhumar ta shafa har da Malam Yaro, babban attajirin Zango wanda ya taimaki Turawan farko da kuɗi da kaya. Sarauta ta zauna a hannun riƙo, sai a 1923 aka naɗa Barma Mustafa. A cikin waɗannan shekaru garu ya rasa mai gyara shi. An fasa wasu sassansa, ruwan sama ya ci wasu, masu gini suka ɗebi ƙasar sauran. Garun ƙasa ba ya rayuwa sai da aikin gayya na kowace shekara, aikin gayya irin wannan kuwa sai sarki mai iko ke kiransa. André Salifou, wanda jami'ar garin ke ɗauke da sunansa, ya bi diddigin wannan zamani a littafinsa na 1971 a kan daular Damagaram, inda ya haɗa takardun Faransawa da abin da ya ji daga bakin dattawa.

Tangaraho

A daidai shekarun da garu ke zubewa, ana kafa wani irin abin tunawa a kudu, a ƙasar da ta haɗa da Dogo-Dogo, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa domin ba ya shiga littattafan masu yawon buɗe ido.

Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka yi ranar 14 ga Yuni 1898 ta zana iyaka a kan takarda, da wani baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato. Da Faransawa suka zo bin hanya daga Kwara zuwa Damagaram sai suka tarar iyakar ta tura su cikin ƙasar da ba rijiya. Suka nemi gyara, aka yi sabuwar yarjejeniya a 1904, aka ƙara daidaita ta ranar 29 ga Mayu 1906. Daga nan aka tura tawagar haɗin gwiwa, Kaftin Jean Tilho a ɓangaren Faransa, Manjo O'Shee a ɓangaren Ingila, suka bi ƙasa daga Kwara har tabkin Cadi tsakanin 1906 da 1908 suna kafa alamomi. Alama 148 suka kafa, kowace da lambarta, lambobin suna tafiya daga yamma zuwa gabas, aka sa hannu a kan aikin a Landan ranar 19 ga Fabrairu 1910. Wasu alamomin na itace ne, wasu tarin duwatsu ne da aka shafe da siminti, wasu kuma sandunan ƙarfe ne irin waɗanda ake ɗora wa wayar sadarwa.

Waɗannan na ƙarfen su ne suka ba Hausa kalma. Mutanen karkara sun ga sanda irin ta tangaraho, suka kira ta tangaraho, ko da yake ba waya a kanta ba saƙon da take kaiwa. Kalmar da aka aro don na'urar da ke haɗa garuruwa sai ta koma sunan abin da ya raba gona da gona. William Miles, wanda ya zauna a ƙauyukan Yardaji ta Najeriya da Yekuwa ta ƙasar Magarya a shekarun 1980, ya nuna a littafinsa na 1994, "Hausaland Divided", yadda kalmar ta zauna da wannan ma'ana a bakin mutanen iyaka. Iyakar nan ita ce ta bar Zango da Ɓaure na Daura a hannun Ingila ta bar Magarya a hannun Faransa, alhali gidan sarauta ɗaya ne. Ita ce kuma ta shiga tsakanin ƙasar Dungas da ƙasar Gumel, ta sa mutumin Dogo-Dogo da zai ci kasuwar Maigatari ya zama mai fita waje.

In ana neman abin da ya cika sharaɗin "monument" a wannan yanki, wato abin da hukuma ta kafa, mai lamba da shekara, don ya tuna wa na baya wani hukunci, to tangaraho ne. Ya kuma fi barikin Cazemajou tasiri a rayuwar talaka nesa ba kusa ba, tun da shi ya yanke wace makaranta yaro zai shiga, da wane harshen Turai zai koya, da wane kuɗi zai riƙe. Amma ba mai zuwa ziyararsa. Manomi yakan kewaye shi da garma ya wuce, kuma a bakin iyaka mai fito da na'urar hoto yakan jawo wa kansa tambayoyin jami'an tsaro.

Tawagar Tilho ta bar wa harshe wani gado dabam. Tafintanta, Moïse Landeroin, ya yi ta zama da sarakuna da dattawa a duk inda aka ya da zango yana rubuta tarihin da suka ba shi, aka buga shi cikin kundin binciken tawagar. Shi da Tilho sun kuma fitar da nahawu da tatsuniyoyin Hausa a 1909, ƙamus ya biyo baya. Aikin da ya tsaga ƙasar Hausa biyu, ke nan, shi ne ya ba Faransanci ɗaya daga cikin littattafansa na farko na koyon Hausa. Ba abin mamaki ba ne: mai shata iyaka dole ya tambayi sunan kowane gari da kowace rijiya, ya kuma san wane gari ke bin wane sarki. Inda suna ke da amfani ga hukuma an rubuta shi da kulawa.

Daga babban birni zuwa wurin ziyara

Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce hedkwatar ƙasar da ta zama Nijar, kafin a koma Yamai, inda ruwan Kwara yake, aka kuma yi nesa da Kano. Wannan zamani ya bar gine-ginen ma'aikata da maƙabartar Turawa da unguwar Sabon Gari. Da hukuma ta tashi, garin ya rage sauri, kuma wannan jinkiri ya taimaka wa Birni ta riƙe lungunanta da gidajenta na tubali.

Bayan 1960 hanyar da ake bi da baƙo ta daidaita, ba ta kuma sauya sosai ba: ƙofar fada, inda ake neman izini kafin a ɗauki hoto; masallacin da ke kusa da ita; guntayen garu da suka rage; duwatsun da ake hawa a hango gari; sai gidajen Birni da na Zango masu zane a fuska da zankwaye a kan soro. Bariki kuwa ya koma hannun sojan ƙasa, wurin soja kuma ba a ɗaukarsa hoto, don haka ginin da aka fi ɗauka a zamanin Turawa ya fita daga idon baƙi. Zanen gidajen ne ya gaje shi. Sai dai nan ma tsohuwar al'ada ba ta mutu ba. Akan rubuta "gidan gargajiya na Hausa" a wuce, ba a faɗin gidan wa ne, wane magini ya yi zanen, wace shekara, ko mene ne sunan siffar da ke bisa ƙofa. Masu sana'ar suna da kalmominsu, dagi da azara da makuba da sauransu, suna kuma da shugabanninsu da ke riƙe da ilimin. Zanen fuskar gida ma ba tsoho ba ne kamar yadda baƙo ke zato, domin ana sabunta shi, kuma kowane mai gida yakan ƙara abin da zamaninsa ya kawo.

A 2006 hukumar Nijar ta sa tsohon garin, unguwar Birni da fadar sarki, cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa a matsayin gadon duniya. Agadas ta sami wannan karɓuwa a 2013. A 2018 kuma aka yi bikin 18 ga Disamba, cikar jamhuriya shekara 60, a Damagaram, ƙarƙashin shirin da aka kira Zinder Saboua, aka gyara tituna da shataletale da wasu gine-gine. Sunan shirin kansa abin lura ne: kalmar Hausa ce, sabuwa, amma da rubutun Faransanci aka kafa ta a alluna, a garin da kusan kowa ke jin Hausa, shekaru da yawa bayan an tsayar da ƙa'idar rubuta harshen.

Babban canjin da aka samu shi ne na hannun da ke riƙe da na'ura. Wayar salula ta sa mutanen garin da na karkara su ne yanzu suka fi kowa ɗaukar fada da hawan salla. Ɗalibin da ya zo daga Dungas, da mai kai mara lafiya asibiti, da ɗan kasuwa, kowa yakan tsaya a ƙofar fada a ɗauke shi. Tsofaffin hotunan Foureau da na katunan gidan waya, waɗanda a da sai wanda ya je ɗakunan ajiya na Paris ko Aix-en-Provence ke ganinsu, sun dawo gida ta intanet, suna yawo a Facebook da WhatsApp. Ƙarƙashinsu akan ga ana gardama da Hausa a kan ko wace ƙofa ce wannan, ko gidan wa ke bayan wancan dutse. Wannan gardama ita ce aikin da ya kamata cibiyoyin bincike na Yamai, irin su IRSH da CELHTO, da jami'ar garin su ɗauka da gaske: a kai kowane tsohon hoto gaban dattawan Birni da Zango, a naɗi abin da za su ce, a rubuta sunan wurin da Hausa daidai yadda ake furta shi. Waɗanda suka ji labarin garu daga bakin wanda ya gan shi a tsaye suna ƙarewa.

Damunar 2024 ta nuna cewa ginin ma ba ya jira. A farkon Satumba na shekarar, bayan ruwa mai yawa da ya yi ɓarna a ko'ina cikin ƙasar, tsohon masallacin Birni, wanda aka gina da ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Shekara guda kafin nan, a watan Agusta na 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta a kan masallata. Na Damagaram an ga faɗuwarsa a wayoyi, domin waɗanda ke wurin sun ɗauka sun yaɗa. Masallacin yana cikin gine-ginen da aka fi ɗauka hoto a Nijar, amma galibin hotunan daga waje ne, daga inda baƙo ke tsayawa. Duk mai son sake ɗaga shi yadda yake zai bukaci abin da irin wannan hoto ba ya bayarwa: kaurin bango daga gindi, yadda aka jera azara, inda aka ɗebo ƙasar da abin da aka cuɗa ta da shi, da sunan da magina ke kiran kowane sashe na ginin.